Lissafin da ke bayan tarkon "likimo" a wasan poka mai ƙayyadadden zubi

A watan Janairun 2015 mujallar kimiyya ta Science ta wallafa wani bincike na masanan Jami'ar Alberta da ke Kanada, ƙarƙashin jagorancin Michael Bowling, inda suka sanar cewa manhajarsu mai suna Cepheus ta kusa warware wasan poka na mutum biyu mai ƙayyadadden zubi baki ɗaya. Kwamfutoci sun shafe fiye da wata biyu suna lissafin. Muhimmancin aikin shi ne, saɓanin dara ko ces, a poka ɗan wasa ba ya ganin abin da abokin karawarsa ya riƙe. Shi ya sa tun 1944 John von Neumann da Oskar Morgenstern suka yi amfani da poka a littafinsu na nazarin wasanni da tattalin arziki.

Poka da kuɗi caca ce, kuma Musulunci ya haramta ta. Sai dai masana lissafi na ɗaukar wasan a matsayin fagen gwajin yanke shawara cikin rashin cikakken bayani. Wuri ɗaya a wasan ya fi fito da wannan matsala fili, wato lokacin da aka ɗana wa mutum tarko bayan fitowar kati na huɗu.

Yadda tarkon yake

A nau'in Texas hold'em, wanda ake bugawa a gasar duniya ta Las Vegas a Amurka, ana ba kowa kati biyu a ɓoye. Daga nan a buɗe kati biyar a tsakiya: uku tare, sai na huɗu, sai na biyar. Ana zubi kafin buɗewa da kuma bayan kowane mataki. A tsarin ƙayyadadden zubi ba a zuba abin da aka ga dama. A teburin dala 10 da 20, zagaye biyun farko ana zuba goma-goma, biyun ƙarshe kuma ashirin-ashirin.

Tarkon shi ne abokin karawa ya yi likimo, ya wuce bai zuba komai ba kamar marar ƙarfi, kai ka zuba, sai ya waiwayo ya ninka. Ana yawan jira sai kati na huɗu ya fito domin a nan ne zubi ke ninkuwa. Zaɓinka uku ne: ka ajiye katinka, ka biya, ko ka sake ƙarawa.

Farashin ci gaba

A ɗauka ka riƙe A da K, kuma kai ne na ƙarshen magana. Ka ƙara zuwa dala 20, mai ƙaramin zubin dole na dala 5 ya fita, mai babban zubin dole ya biya. Tsakiya akwai 45. Aka buɗe K da 9 da 4; ya wuce, ka zuba 10, ya biya, kuɗin ya zama 65. Kati na huɗu J ne, kuma duka huɗun nau'insu daban-daban. Ya wuce, ka zuba 20, ya mayar 40. Yanzu akwai 125 a tsakiya, ana neman 20 daga gare ka.

A ido farashin yana da sauƙi: 20 cikin jimillar 145, wato kana buƙatar yin nasara kusan kashi 14 cikin ɗari. Amma wannan kuɗin ganin kati na biyar ne kawai. Wanda ya ninka a nan galibi zai sake zuba 20 a zagayen ƙarshe. Don haka ainihin kuɗin kaiwa ga buɗe katuna 40 ne, domin cin 145. Raba 40 da 185, za ka samu kusan kashi 22. Wannan shi ne ma'aunin mai son ya bi har ƙarshe, kuma mantawa da shi ne kuskuren da ya fi yawa.

Ƙidayar abin da zai iya riƙewa

Ba a tambayar wane kati yake da shi, domin ba mai sani. Ana ƙidaya haɗe-haɗen da za su sa shi yin abin da ya yi. Waɗanda suka fi naka su ne Q da 10, da ke ba shi jeri biyar, ta hanya 16; J da 9 ta hanya 9; K da J ta hanya 6; K da 9 ta hanya 6; sai tara biyu ko huɗu biyu, kowanne ta hanya 3. Jimilla 43.

Idan abokin karawar mai sanyi ne, wanda ba ya ninkawa sai ya tabbata, lissafin ya tsaya nan. A gaban jeri ko kati uku iri ɗaya babu katin da zai cece ka. A gaban K da J, A ukun da suka rage ne kawai mafita. Idan aka haɗa duka, damarka ba ta kai kashi 7 ba, rabin abin da ko kati ɗaya ke buƙata. A nan ajiyewa ce daidai, komai kyan A da K a ido.

Idan kuwa mai zafi ne, wanda zai ninka da K da Q ko K da 10, an ƙara hanya 16 da kake gaba da su. Goma sha shida cikin 59 kashi 27 ne. A cire lokutan da zai riske ka a kati na biyar, a ƙara lokutan da kai za ka riske shi, sakamakon yana tsayawa kusa da kashi 28. Ya zarce 22, saboda haka biya har ƙarshe ya fi riba. Katunan ba su canza ba. Halin mutumin ne ya juya hukuncin.

Haɗarin yawan ajiyewa

Akwai ɗaya gefen lissafin. Mai ninkawa da burga yana saka 40 ne domin cin 85. Idan kana ajiyewa fiye da kashi 32 na lokuta, burgarsa za ta ci riba ko da hannunsa babu komai. Ke nan wanda ke gudu duk lokacin da aka ninka masa ya buɗe ƙofar da mai lura zai yi ta shiga. Dabara mai daidaito, irin wadda Cepheus ta nema, ita ce wadda ba ta barin irin wannan giɓi, ko da abokin karawa ya san ta.

Sake ƙarawa zuwa 60 kuwa na hannun da ya fi yawancin abin da yake ninkawa da shi ne, kamar jeri ko kati uku iri ɗaya. Da A da K, ƙarin zai kori masu burga, ya bar ka da waɗanda suka fi ka, su kuma su mayar maka 80.

Ƙwararru kan yanke wannan shawara tun kafin su zuba 20 ɗin farko. Idan hannun matsakaici ne, wanda ba zai jure ninki ba kuma abin takaici ne a jefar da shi, sukan wuce su ma, su ga kati na biyar kyauta, sannan su biya zubi ɗaya a ƙarshe. Hakan na rage ribar ranar da suke gaba, amma yana kai su ga buɗe katuna da dala 20 maimakon 60.