Takardar Asibiti Hujja Ce: Jan Hankali ga Mutanen Malanville da Baƙinsu

Duk wanda ya san Malanville, garin ƙasar Benin da ke bakin kogin Kwara yana fuskantar Gaya ta ƙasar Nijar, wanda kasuwarsa ke tara Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa, har da fataken Kamba da Illo daga jihar Kebbi, ya san cewa mutumin nan ba a wuri ɗaya yake jinya ba. Sai ka ga an yi masa allura a Gaya, an sake duba shi a asibitin yankin Malanville da Karimama, in abin ya yi tsanani kuma a wuce da shi Kandi ko Paraku. Alhali babu wani littafi da ke bin sa daga wannan ɗaki zuwa wancan, in ba ɗan karne ba, wato ƙaramin littafin jinyar da ke aljihunsa. Da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, jama'a suka koma ƙetarewa da jiragen ruwa, wahalar komawa neman takardar da aka manta a ƙetare ta ƙaru ninki.

Saboda haka wajibi ne mai iyali ya adana karne da takardun gwajin jini da takardar magani, kowane mutum da nasa. Akwai wata al'ada da ta yi yawa, wadda ake yi don tsimin 'yan kuɗi kaɗan, watau a kai yaro asibiti da karnen wansa. Wannan kuwa ganganci ne babba, domin likita da abin da ya gani a rubuce yake hukunci, idan kuwa shekaru da nauyi da tarihin cutar na wani ne, to, gwargwadon maganin da zai rubuta ma na wani ne.

Sai batun kuɗi, wanda a kansa ne galibin husuma ke tashi. Biyan kuɗi a asibitin gwamnati yana da asali: a shekarar 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, suka amince jama'a su riƙa biyan wani abu na magani, a riƙa juya kuɗin don kada rumbun magani ya ƙafe, wakilan gari kuma su sa ido a kan lissafi, Benin tana cikin ƙasashen farko da suka bi wannan tsari. Abin da ya kamata a fahimta shi ne, kuɗin yana da wurin biya, wato tagar mai karɓar kuɗi, yana kuma da shaida, wato rasidi mai hatimi da kwanan wata. Duk abin da aka miƙa a lungu ko a bakin gadon majinyaci ba tare da takarda ba, ya shiga shubuha, mai bayarwa kuma ya rasa hujjar da zai tsaya a kanta in an sake tambayarsa. Kada kunya ta hana kowa neman rasidi, da sunan wai kamar tuhuma ce ga ma'aikaci. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga muminai aka yi umurnin. Ga wani abin lura kuma: mu da dala muke ƙirga, takarda kuwa da sefa take magana, dala ɗaya sefa 5, jika sefa 1,000, baƙon da ya zo da naira kuma lissafinsa daban. A nemi a rubuta adadin da alƙaluma kafin a kwance bakin jaka.

Ya kyautu kuma a san cewa a Afrilu 2009 gwamnatin Benin ta ɗauki nauyin tiyatar haihuwa a asibitocin da ta amince da su, bisa sefa 100,000 da aka yanka wa kowace tiyata, sannan a Oktoba 2011 ta shelanta maganin zazzaɓin cizon sauro kyauta ga masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Idan an buƙaci kuɗi a irin wannan hali, a tambaya cikin ladabi na mene ne, domin mai yiwuwa na wani abu ne da rangwamen bai shafa ba, sai a rubuta shi da sunansa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne sirri. Da yake takardun da Faransanci ake rubuta su, majinyaci kan kai sakamakon gwajinsa wurin maƙwabci ko yaron shago ya karanta masa, kafin la'asar kuwa rabin unguwa ta san abin da ke damunsa, wata ƙila har aure ya mutu a kan haka. Mafi dacewa shi ne a roƙi ma'aikacin da ya yi gwajin ya yi bayani da bakinsa, in kuwa dole sai da tafinta, to, majinyaci ne zai zaɓi wanda ya yarda da amanarsa. Haka nan masu ɗaukar hoton marar lafiya, ko na takardarsa, su watsa a WhatsApp, ko da niyyar neman taimako ne, su sani cewa ba da izninsa ba wannan tona asiri ne, shari'a ta hana, dokar ƙasa ma ta hana: dokar harkokin zamani ta Afrilu 2018 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu, akwai kuma hukumar APDP da ake kai wa ƙara. Lambar shaidar ɗan ƙasa da hukumar ANIP ke bayarwa ita ma ba abar barin wa kowa ba ce.

Ma'aikatan lafiya suna da haƙƙi a kanmu, na haƙuri da bin layi da faɗin gaskiyar abin da aka riga aka sha a gida, ko na bature ko na gargajiya. Mu kuma muna da haƙƙi a kansu, na a gaya mana farashi kafin aiki, a yi mana bayani da harshen da muke ji, a rufe ƙofa in ana duba mu. Wanda ya ga an tauye shi, ya riƙe takardunsa, ya je wurin shugaban asibitin ko wakilan gari da ke cikin kwamitin kula da shi. Kafin ka kwantar da naka a asibitin kuɗi kuwa, ya ɗan'uwa, ka nemi ganin izninsu na ma'aikatar lafiya, domin a 2018 gwamnati ta rufe da yawa daga cikin masu aiki ba da izni ba.