Autobahn: waƙar da ta mai da ƙugin mota kiɗa

Wanda ya ɗora faifan a karon farko sai ya yi zaton kuskure aka yi wajen ɗauka. Ba ganga, ba muryar mawaƙi. Ƙofar mota ce aka rufe garam, inji ya tashi, aka danna oda, sa'an nan wata murya mai amon ƙarfe ta ambaci sunan hanya. Haka waƙar Autobahn take somawa, kuma ba ta sauke mai saurare sai bayan minti 22 da ɗoriya, wato fuska guda cur ta faifan garmaho. Ƙungiyar Kraftwerk ta birnin Dusaldof, a Jamus ta Yamma ta wancan zamani, ita ce ta fito da ita cikin watan Nuwamba na shekara ta 1974.

Mutum biyu ne ginshiƙan ƙungiyar: Ralf Hütter, haifaffen 1946, da Florian Schneider, haifaffen 1947. Ƴaƴan bayan yaƙi ke nan, waɗanda suka buɗe ido suka tarar da sojojin Amurka da na Ingila girke a ƙasarsu, radiyo kuwa ba abin da yake zubowa sai kiɗan rok na waɗannan baƙi. Waƙoƙin iyaye sun ɓaci da dauɗar mulkin Hitler, samari na jin kunyar rera su. Saboda haka yawancin makaɗan Jamus sai suka rataya gita, suka saki gashi, suna waƙa da Ingilishin da bai zauna bakinsu ba. Su Hütter suka ga zanen aro ba ya rufe katara. Cikin 1970 suka kama wani ɗaki kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Dusaldof, wanda daga baya suka laƙaba wa suna Kling Klang, suka shiga neman sautin da za a ji a ce na Jamus ne. Ko sunan da suka zaɓa ya nuna inda suka dosa, don Kraftwerk na nufin tashar ba da kuran.

Faifai uku suka fitar kafin wannan, ba wanda ya yi nisa. A na huɗu ne suka dubi abin da kowane Bajamushe ya sani, wato Autobahn, manyan hanyoyin kwalta na ƙasar, waɗanda a wurare da dama doka ba ta ƙayyade wa direba gudu ba. Zaɓin na da nauyi. Hitler ya yi ta tinƙaho da hanyoyin nan kamar shi ya ƙago su, alhali tun 1932 Konrad Adenauer, yana magajin garin Kolon, ya buɗe wadda ta haɗa Kolon da Bon. Ga kuma abin da bai daɗe da faruwa ba: a ƙarshen 1973, sa'ad da ƙasashen Larabawa suka matse bakin mai, gwamnati ta hana motoci fita har Lahadi huɗu, mutane suka riƙa yawo da ƙafa da kekuna bisa kwaltar. Shekara guda bayan haka sai ga samari suna yi wa hanyar waƙa, da harshen Jamusanci kuwa.

Jikin waƙar shi ne abin lura. Tushenta wani amo ne mai kauri da ke bugawa ba fashi, kamar tayoyi bisa shimfiɗaɗɗiyar hanya, kuma daga akwatin sauti mai aiki da kuran yake fitowa, ƙirar Minimoog. Muryar ƙarfen nan ta farko, na'urar da ake kira bokoda ce ta tauna muryar mutum ta mai da ita haka. Wolfgang Flür, mai kula da kiɗa, ba shi da fata ko gwangwani a gabansa: wasu ƴan farantan ƙarfe ne da aka jona da waya, yana taɓa su da tsinken ƙarfe. Amma duk da haka ba a kori tsoffin kayan kiɗa ba tukuna, don sarewar Schneider da gita suna leƙowa can cikin tafiyar. Conny Plank, gwanin ɗaukar sauti, shi ya taya su haɗa wannan duka.

Baitocin ba su taka kara sun karya ba, ƴan layuka ne a kan tuƙi da rana da koren ciyawa a gefen hanya, waɗanda Emil Schult ya sa hannu wajen tsarawa. Shi ne kuma ya zana bangon faifan, da Mercedes da Volkswagen suna bin hanya guda. Inda gwanintar take shi ne tsakiya, sa'ad da kiɗa ya lafa aka bar mai saurare da motocin da ke shigewa fiu, kowace da amonta yana tasowa yana dusashewa, sa'an nan direba ya murɗa radiyo ya ci karo da waƙar da shi kansa yake ciki. Masu suka sun ce maimaici ne kawai, ba rai a ciki. Sun faɗi rabin gaskiya. Duk wanda ya taɓa wuni bisa doguwar hanya ya san maimaicin nan shi ne tafiyar, kuma a cikinsa ne zuciya ke sakewa.

Kasuwa ce ta raba gardama. Aka datse waƙar ta koma minti uku da wani abu don gidajen radiyo, sai ga ta cikin 1975 ta kai matsayi na 25 a jerin waƙoƙin Amurka, na 11 a Ingila, faifan kansa kuwa ya hau na 5 a Amurka. David Bowie ya kamu, har ya sa wa wani kiɗansa na 1977 sunan Schneider. Samarin Ingila suka fara jingine gita suna sayen akwatunan sauti, abin ya kai cikin 1982 wani reshe na sandikar makaɗan ƙasar ya nemi a hana amfani da su, don tsoron kada inji ya raba mutane da abincinsu. Tsoron ba na banza ba ne, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Abin da ba wanda ya hango shi ne inda irin ya fi tsira: unguwannin baƙar fata na Amurka, wato ƙasar da su Hütter suka guje wa kwaikwayo. A Niyok, cikin 1982, Afrika Bambaataa ya ɗauki karin Trans-Europe Express, wadda Kraftwerk suka yi a 1977, ya gina Planet Rock a kai, ta zama ɗaya daga duwatsun murhun kiɗan hip-hop. A Ditiroyit, birnin ƙera motoci da masana'antunsa ke durƙushewa, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson suka ji Kraftwerk a radiyon dare, suka gauraya shi da kiɗan gidansu, aka sami tekno. Daga can tekno ya ƙetaro teku ya cika gidajen rawa na Balin bayan faɗuwar katanga a 1989.

Schneider ya bar ƙungiyar a 2008, ya rasu a 2020. Shekara guda bayan rasuwarsa, zauren girmama gwanayen rok na Amurka ya shigar da sunan Kraftwerk cikin kundinsa.