'Yan Mazan Jiya Da Labaran Yaƙi A Sararin Samaniya

Kamfanonin ɗab'i 18 ne suka mayar wa Joe Haldeman da littafinsa kafin ya sami wanda ya yarda ya buga shi a cikin shekarar 1974. Hujjar da suka riƙa ba shi kusan iri ɗaya ce, wai mutanen Amurka sun gaji da zancen yaƙin Biyetnam, babu mai fid da kuɗinsa ya sayi labarinsa. Abin mamaki kuwa, labarin da ya rubuta ba a Biyetnam ya faru ba. A can cikin taurari aka gwabza yaƙin, tsakanin 'yan Adam da waɗansu halittu da ba a taɓa gani ba. Amma masu duba littafin sun gane inda aka dosa, haka kuma tsofaffin sojojin da suka karanta shi daga baya. Sunan littafin The Forever War, watau Yaƙin Har Abada, kuma bayan fitowarsa ya cinye lambobin yabo na Nebula da Hugo, waɗanda su ne manya a wannan fanni na rubutu.

Fannin shi ne na ƙagaggun labaran kimiyya, inda marubuci kan ɗauki wani abu da masana suka gano ko suke hasashe, ya gina labari a kansa. Wanda ya karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya ɗanɗani irinsa da Hausa. A Amurka fannin yana da wani reshe mai kauri wanda ya keɓanta ga aikin soja, watau kurata da saje-saje da hafsoshi, sai dai maimakon jirgin ruwa da tankar yaƙi ta yau, kumbo ne ke kai su fagen fama a wata duniya. Da yawa daga cikin fitattun marubutan wannan reshe sun sa kakin soja, masu karanta shi kuma akwai 'yan mazan jiya da dama. Mutum zai iya tambaya, me wanda ya ga yaƙi ƙuru-ƙuru da idonsa zai nema a cikin yaƙin ƙarya?

KOMAWA GIDA

An haifi Haldeman a 1943. Ya gama jami'ar Maryland a 1967 da digiri a kimiyyar lissafin halitta da ilmin taurari, a wannan shekara kuma aka ɗauke shi soja tilas. Ya yi aiki cikin injiniyoyin bakin daga a tsaunukan tsakiyar Biyetnam, inda wani tarkon nakiya ya tashi da shi a 1968, ya ji munanan raunuka. Da ya dawo ya fara rubuta abin da ya gani kai tsaye, a wani ɗan littafi mai suna War Year wanda ya fito a 1972. Littafin bai yi wani tashe ba. Sai da ya ɗauke labarin daga doron ƙasa ya kai shi sama, sa'an nan aka saurare shi.

Dabarar da ya yi daga karatunsa ta fito. Tun 1905 Albert Einstein ya nuna cewa duk abin da ke gudu kusa da saurin haske, watau kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, lokaci yakan yi masa tafiyar hawainiya in an gwada da na wanda ke zaune a gida. Gwarzon labarin, wani kurtu mai suna William Mandella, a irin wannan gudu kumbonsu ke kai shi bakin daga. A lissafinsa shekara biyu ya yi a fitarsa ta farko, amma da ya sauka gida sai ya tarar fiye da shekara 25 sun wuce. Mahaifiyarsa ta tsufa, kuɗin da ake ciniki da su sun sauya, tituna sun cika da 'yan fashi, babu wani aiki da ya iya wanda ake bukata. Mai karatu zai tuna da ƙissar Ashabul Kahfi, sa'ad da ɗayansu ya shiga gari da kuɗin da aka daɗe da daina karɓa. Bambancin shi ne su barci suka yi, shi kuwa Mandella ido biyu ya yi shekarunsa, yana kallon abokansa suna mutuwa domin kare mutanen da yanzu ba su san inda za su ajiye shi ba.

Abin da ya yi daga nan shi ne ya fi taɓa zuciyar waɗanda suka san aikin. Duk da ƙin jinin soja da yake yi, sai ya koma ya sake sa hannu, domin bariki ne kaɗai wurin da ya rage wanda ya san ƙa'idarsa. Kowace fita kuma sai ta ci ɗaruruwan shekaru. Daga kurtu ya kai muƙamin manjo, ba don wata jarunta ba, sai don shi ne bai mutu ba, har ya zama yana ba da oda ga samarin da da ƙyar yake gane harshensu, su kuma suna kallonsa kamar wani tsohon kayan tarihi. Yaƙin ya ɗauki shekara 1,143, kuma a ƙarshe aka gano rashin fahimta ce ta haddasa shi tun farko.

Wannan hoto ya yi daidai da yadda Amurka ta tafiyar da sojojinta a Biyetnam. Wajen mutum miliyan 2.7 suka yi aiki a can, fiye da 58,000 ba su dawo da rai ba. A Yaƙin Duniya Na Biyu yawancin sojoji a jirgin ruwa suka koma gida, suna tare da abokan aikinsu, suna da kwanaki ko makonni na hira da huce zuciya a kan teku. Sojan Biyetnam kuwa wa'adin shekara guda ake yanka masa shi kaɗai. Ranar da ya cika, sai ya bar 'yan'uwansa a daji, ya hau jirgin sama, kafin kwana biyu ko uku yana tsakar gidansu, a ƙasar da ta rabu biyu a kan yaƙin da ya baro. Ko a bakinsu, sojojin nan ba su cewa za su koma Amurka, sai su ce za su koma “Duniya”, kamar dai inda suke wata duniyar ce dabam. Ashe tun kafin Haldeman ya ɗauki alƙalami, su da kansu da harshen labaran samaniya suke kwatanta halin da suke ciki.

Akwai wani abin lura game da babin komawa gidan nan. Sa'ad da ake buga labarin kashi-kashi a mujallar Analog, editanta Ben Bova ya ga babin ya cika baƙin ciki, aka sauya shi da wani mai sauƙi. Yaƙe-yaƙen da gawarwakin duk sun wuce ba tare da gardama ba, dawowar soja gida ce aka ga ta yi nauyi. Sai a bugun 1991 aka mayar da babin mazauninsa.

NA BARIKI DA NA BAKIN DAGA

Ba a maganar littafin Haldeman ba a ambaci wanda ya riga shi ba, watau Starship Troopers na Robert Heinlein, wanda ya fito a 1959. Heinlein hafsan sojan ruwa ne, ya gama makarantar hafsoshi ta Annapolis a 1929, amma tarin fuka ya raba shi da aikin a 1934, bai taɓa shiga fagen fama ba. Littafinsa yabon aikin soja ne tun daga farko har ƙarshe, har ya zana ƙasar da babu mai jefa ƙuri'a sai wanda ya yi wa ƙasa hidima ya gama. An yi ta sukarsa a kan wannan, kuma sukar tana da hujja.

Duk da haka sojoji ba su yar da shi ba, har ya taɓa shiga jerin littattafan da rundunonin Amurka ke ba dakarunsu shawarar karantawa. Dalilin ba boyayye ba ne. Babban kashi na littafin a sansanin horar da kurata ya ƙare, ƙarƙashin wani saje mai suna Zim, mai tsanani a fili, mai kula da yaransa a ɓoye. Fareti da asuba, gajiya, horo a kan ƙaramin laifi, da ranar da taron baƙi ya wayi gari ya zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, duk wanda ya taɓa zama kurtu ya san waɗannan, ko da bai taɓa jin ƙarar harsashin abokin gaba ba. Heinlein ya rubuta soja kamar yadda yake ganin kansa ranar yaye shi, Haldeman kuwa ya rubuta shi ranar sallama. Tsohon soja guda yana iya ɗauke da duka biyun a ƙirjinsa, alfahari da ɗaci, ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba. Su ma marubutan biyu ba su yi gaba ba. Da Haldeman ya ci lambar Nebula, Heinlein ya rubuta masa wasiƙar taya murna, Haldeman kuma ya ce wasiƙar ta fi masa lambar daraja.

ABIN DA BAKI YA KASA FAƊA

Saura tambayar dalilin zagayawa ta cikin taurari. Kurt Vonnegut sojan Amurka ne da Jamusawa suka kama a watan Disamba na 1944, suka tsare shi a wata mahauta a birnin Dresden. Yana ƙarƙashin ƙasa sa'ad da jiragen Ingila da Amurka suka ƙone birnin a watan Fabrairu na 1945, wajen mutum 25,000 suka halaka, shi kuma aka sa shi cikin masu tono gawa. Shekara 24 ya yi kafin ya iya fid da littafi a kan abin, watau Slaughterhouse-Five na 1969, kuma bai iya ba sai da ya ƙago sojan da lokaci ya kwance masa, yanzu yana gidansa cikin iyali, an jima yana Dresden, an jima waɗansu halittu sun sace shi zuwa duniyarsu. A cikin littafin akwai tsofaffin sojoji biyu kwance a asibitin 'yan mazan jiya, ɗaya ya harbe wani yaro ɗan kwana-kwana mai shekara 14 bisa kuskure, kuma babu abin da suke iya karantawa sai labaran kimiyya, domin sauran littattafai ba su da faɗin da zai ɗauki abin da suka gani.

Sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali cikin kundinta, tare da alamunsa, irin su mafarkin tsoro, da zabura, da ganin abin da ya wuce yana dawowa kamar yanzu yake faruwa. Vonnegut ya riga likitocin zana wannan da shekara 11. Haka Walter Miller, wanda yana cikin ma'aikatan jiragen da suka yi ruwan bama-bamai a kan tsohon gidan ibada na Monte Cassino a Italiya a 1944. Littafi guda ya fitar na dogon labari a rayuwarsa, a kan waɗansu masu ibada da ke adana guntayen ilmi bayan yaƙin nukiliya ya shafe duniya. Ya kashe kansa a 1996.

David Drake yana karatun lauya a jami'ar Duke aka ɗauke shi soja, ya yi 1970 tare da runduna ta 11 ta motoci masu sulke a Biyetnam da Kambodiya, aikinsa yi wa fursunoni tambayoyi. Labaransa na Hammer's Slammers, waɗanda aka tara a littafi a 1979, a kan sojojin haya ne masu tankoki, kuma ya rubuta su da murya busasshiya, ana kisa kamar ana lissafin kaya. Masu sharhi suka ce yana ɗaukaka yaƙi. Waɗanda suka je sun gane cewa bushewar ita ce shaidar, domin haka zuciya kan daskare in tana son mai ita ya kai gobe. Drake bai ɓoye ba cewa rubutun magani ne yake yi wa kansa. A 1996 ya fitar da Redliners. Sunan daga jan layin ma'aunin inji ya samo asali, wanda in allura ta wuce shi injin na gab da lalacewa. Labarin wata ƙungiyar dakaru ce da yaƙi ya cinye har hukuma tana tsoron sakinsu cikin jama'a, sai aka haɗa su da fararen hula, mata da yara da tsofaffi, su rake su cikin wani mugun daji a wata duniya. A hanya fararen hular suka ga da idonsu abin da ake biya domin su yi barci lafiya, gani kuwa ya kori ji. Wannan ita ce tarbar da sojan Biyetnam bai samu ba, sai Drake ya rubuta masa ita. Har ya rasu a watan Disamba na 2023 yana lissafa littafin a kan gaba cikin abin da ya rubuta.

Ba duk abin da ke kan wannan kanta ne ya cancanci yabo ba. Da yawa tallar bindigogi ne kawai aka yi wa rigar labari. Akwai kuma haɗari a cikin dabarar kanta, domin in an mai da abokin gaba ƙwaro ko gizo-gizo, kamar yadda Heinlein ya yi, an sauke wa mai karatu nauyin da ya fi kowane danne tsohon soja, watau sanin cewa wanda ya harba ɗan wani ne. Paul Verhoeven, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Holan ƙarƙashin mamayar Jamus, ya ga wannan, shi ya sa fim ɗin da ya yi da littafin a 1997 ya juye ya zama hannunka-mai-sanda ga masu son yaƙi, ko da yake masu kallo da yawa a lokacin ba su gane gatse ne ba.

Sunan littafin Haldeman ya daɗe da fita daga kantin ƙagaggun labarai. A 2008 ɗan jarida Dexter Filkins ya sa wa littafinsa na yaƙin Iraƙi da Afganistan suna iri ɗaya, 'yan siyasar Amurka kuma suka shiga kiran yaƙe-yaƙen nan na har abada. Sojojin wannan zamani sun maimaita tafiyar Mandella ta wata fuska, a tura mutum, ya dawo ya tarar ɗansa bai gane shi ba, kafin ya saba da gida a sake tura shi, waɗansu sau uku, waɗansu fiye. Yaƙin Afganistan ya fara a 2001 ya ƙare a 2021. Cikin sojojin Amurka 13 da bam ya kashe a ƙofar filin jirgin saman Kabul a watan Agusta na shekarar ƙarshe, akwai 'yan shekara 20, waɗanda suna goye a bayan uwa aka yi harbin farko.