Sukarin da Muke Sha a Kofi: Nasiha ga Jama'ar Masallaci da Ɗalibai

'Yan'uwa, a wannan fitowar za mu tattauna kan wani abu da ke zaune a gidajenmu, a bukukuwanmu, har kan tabarmar buɗa-baki a masallaci, wato abubuwan sha masu zaƙi.

Duk wanda ya san zafin Saboba a watan Maris da Afrilu ya san yadda maƙogwaro ke bushewa. Idan rana ta take, mutum ya ga kwalbar minaral tana zufa a cikin firji, ko sobolo mai ƙanƙara a leda, da wuya ya kawar da kai. Ba mu ce waɗannan abubuwa haramun ne ba, halal ne. Amma halal ma yana da mudu, kuma yawancinmu ba mu san yawan sukarin da ke cikin abin da muke kwankwaɗa ba. Mu fara da lissafi.

Nawa ne a cikin kwalba?

Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar sukari kamar giram 4. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 yana da sukari wajen giram 35, kusan cokali tara ke nan. Robar mai rabin lita ta haura giram 50, wato cokali goma sha uku. Wa zai iya zama ya tsoma cokali a buhun sukari sau goma sha uku yana kai wa baki? Babu. Amma da yake an narkar da shi a ruwa an sanyaya, yaro ɗan makaranta yana shanye shi kafin ya iso gida daga kasuwa.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada irin wannan sukarin ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini. Ga babban mutum, kamar giram 50 ne, cokali goma sha biyu. Ta ƙara da cewa in an rage zuwa rabin haka, cokali shida, ya fi. To kun ga roba ɗaya ta cinye rabon yini gaba ɗaya, ba a lissafa sukarin koko da safe ba, ba a lissafa na ataya da la'asar ba. Mai shan gwangwani ɗaya kullum, a wata ya sha sukari sama da kilo ɗaya, a shekara kuma ya haura kilo goma sha biyu.

Me yake yi a cikin jini?

Idan mutum ya ci tuwo da miyar kuka, ko wake da shinkafa, ciki yana ɗaukar lokaci yana niƙa, sukarin da ke cikin abincin yana shiga jini kaɗan-kaɗan. Abin sha kuwa ba ya buƙatar niƙa. Yana wucewa hanji da sauri, sai sukarin jini ya tashi cikin ɗan lokaci.

Allah ya sanya wata gaɓa a bayan tumbi wadda take fitar da sinadarin insulin. Aikinsa kamar na makulli ne: yana buɗe ƙofa sukari ya fita daga jini ya shiga tsoka da sauran sassan jiki a yi aiki da shi. Idan sukari ya yi ambaliya, dole gaɓar nan ta fitar da insulin mai yawa a lokaci guda. Yau haka, gobe haka, ga ƙiba tana ƙaruwa, sai jiki ya fara daina jin insulin ɗin sosai, gaɓar kuma ta gaji. Daga nan sukari ya riƙa taruwa a jini. Wannan shi ne ciwon sukari nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya. Gado yana da hannu a ciki, shekaru ma haka, amma waɗannan ba a hannunmu suke ba. Kofin da muke ɗauka kuwa a hannunmu yake.

Akwai kuma batun hanta. Sukarin da muke saye a kasuwa gida biyu ne a haɗe. Rabi yana yawo a jini, ɗayan rabin kuma hanta ce ke karɓar mafi yawansa. In ya yi mata yawa sai ta mayar da shi kitse, wani ya zauna a cikinta.

Don me yake sa ƙiba?

Dalili mai sauƙi ne: abin sha ba ya ƙosarwa kamar abin ci. Wanda ya ci doya kafin tuwo ya iso zai rage tuwon. Wanda ya sha minaral kuwa zai cinye malmalarsa cif, kamar bai sha komai ba. Ƙarfin da ya shigo ta kwalba ƙari ne a kan abinci, kuma abin da jiki bai ƙona ba yana ajiye shi kitse, musamman a tumbi. Gwangwani ɗaya kan buƙaci tafiyar ƙafa ta kusan rabin awa kafin a ƙone shi.

Kakanninmu fatake da suka riƙa ɗaukar goro daga Salaga zuwa ƙasar Hausa watanni suke yi a hanya, ruwa da fura ne guzurinsu. Mu yanzu ko masallacin unguwa a babur muke zuwa. Aiki ya ragu, zaƙi ya ƙaru. Sannan muna da al'adar cewa wanda ya yi tumbi ya samu hutu. Ba kowane tumbi ne alamar hutu ba.

To ruwan 'ya'yan itace fa?

Nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Wani zai ce, "Malam, ni na bar minaral, jus nake sha." Jus ɗin kwali iri biyu ne. Akwai wanda mafi yawansa ruwa ne da sukari da ƙamshi, hoton mangwaro kawai aka manna a jikinsa. Akwai kuma na gaskiya da ba a ƙara masa sukari ba. Wannan yana da bitamin, amma sukarin da ke cikin kofinsa bai yi nisa da na minaral ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin lissafin sukarin da za a rage, tare da zuma.

Abin da ke kare mu a cikin ɗan itace shi ne tsokarsa da zaruruwanta. Su ne ke rage gudun shigar sukari jini, su ne ke cika ciki. Kofi ɗaya na ruwan lemu yana cin lemu biyu zuwa uku, kuma an zubar da tsokar. Mu ma a nan mun saba a fere mana lemu, mu tsotse ruwan mu jefar da sauran. Gara a ɓare shi a cinye duka. Mangwaro, gwanda, kankana, a ci su da haƙori ya fi a matse.

Haka nan maltar da muke kai wa mai jego da marar lafiya da sunan tana ƙara jini. Malta abin sha ne mai sukari da yawa. Mai ƙarancin jini abin da yake buƙata shi ne hanta, nama, kifi, wake, ganyen zogale da alayyafo, da maganin da asibiti ta ba shi. In wanda za ku dubo mai ciwon sukari ne, kada ku kai masa katan ɗin malta.

Na gida ma a duba

A 2023 gwamnatin Gana ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan abubuwan sha masu zaƙi na kamfani. Amma haraji bai isa tukunyar sobolo ba, bai isa butar ataya ba. Sobolo, lamurje, zomkom da burkina, asalinsu abubuwa ne masu kyau: zoɓorodo, citta, gero, nono. Matsalar tana hannun mai zuba sukari. Iyayenmu mata da ke yin na gida, a rage sukarin sannu a hankali, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni. Matasan majalisar ataya, ku ƙirga cokalin da ke shiga buta daga zagayen farko zuwa na uku, za ku yi mamaki.

Lokacin azumi

Sunna ita ce a buɗe baki da dabino, in babu sai ruwa. Mu kuwa sai mu jera dabino, sobolo, minaral, koko mai sukari, duk a cikin da ya yini babu komai. Shi ya sa wani ke jin kasala da barci tun kafin a tayar da tarawihi, wani kuma azumi ya ƙare yana da nauyi fiye da yadda ya shiga. Dabino ɗaya zuwa uku da ruwa sun isa, a yi magariba, sannan a ci abinci. Masu kawo sadakar buɗa-baki masallaci, Allah ya saka da alheri, amma ruwa mai sanyi da 'ya'yan itace sun fi katan ɗin minaral amfani ga jama'a, musamman tsofaffin sahun gaba.

Togiya ɗaya ce: mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura, in ya ji rawar jiki, zufa da jiri, ko ya auna ya ga sukarinsa ya faɗi ƙasa da 3.9, to a nan abin zaƙi magani ne. Ya sha nan take ko da yana azumi, ya rama daga baya. Kuma ya ga likitansa tun kafin watan ya kama.

A je a auna

Ciwon sukari kan yi shekaru a jiki ba a sani ba. Alamominsa sun haɗa da yawan ƙishirwa, yawan fitsari har alwala ba ta daɗewa, tashi cikin dare sau da yawa, rama ba dalili, dushewar gani, da ciwon ƙafa da ya ƙi warkewa. In an bar shi yana taɓa ido, ƙoda, zuciya da jijiyoyin ƙafa. Awon ɗigon jini ne daga yatsa, ana yin sa a asibitin nan Saboba, da Yendi, Salaga da Bawku. In an auna da safe kafin a ci komai aka ga 7.0 ko fiye, kuma aka sake aunawa ya tabbata, likita zai ɗora mutum a kan magani da tsarin abinci. Wanda ya haura shekara arba'in, ko yake da mai ciwon a danginsu, ko yake da tumbi, kada ya jira sai alama ta fito.

Ɗalibanmu, kuɗin tara da ake ba ku kada ya ƙare a ledar zaƙi, wadda ke cin haƙori tun kuna ƙanana. Ƙishirwa ruwa take so. Minaral ya zama na ranar salla da biki, a ƙaramar kwalba, tare da abinci. Jikin nan amana ne, da shi muke tsayuwa da ruku'u da sujada.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya mai amfani. Wassalamu alaikum.