Doguwar kalmar Turanci tana da gaɓoɓi

Ɗalibin da ya ci karo da transportation a takardar jarrabawar WAEC, tsawonta yake fara dubawa, sai gabansa ya faɗi. Haruffa 14 ne a jere. Ni da nake koyar da Turanci a sakandare, abin da nake roƙon yara kullum shi ne su daina auna tsawo, su nemi mahaɗa, yadda mahauci ke laluben gaɓa kafin ya ɗora wuƙa. Kalmar nan gida uku ce. Trans na nufin ƙetarewa, port na nufin ɗauka, ation kuma wutsiya ce mai mayar da aikatau suna. A haɗa su, an sami sufuri: ɗaukar abu daga nan a ƙetara da shi can.

Wanda ya riƙe port ɗin nan ya sami dangi guda. Export fitar da kaya ne waje, import shigo da su, porter ɗan dako, portable abin da ake iya ɗauka a hannu. Har report, wadda muka ara muka mayar rahoto, asalinta ɗauko labari ne a dawo da shi. Duk daga portare ta Latin suka fito.

Yadda Latin ta cika bakin Ingilishi haka, tarihi ne. A 1066 William na Nomandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnoni, shi kuwa Faransanci ɗan Latin ne. Coci da makarantu ma da Latin suke aiki. Daga baya masana kimiyya da likitoci suka riƙa ɗebo saiwoyi daga Girkanci suna ƙera sunayen sababbin abubuwa. Shi ya sa gajerun kalmomin gida irin su eat da house na asali ne, dogayen kalmomin ofis da asibiti kuwa galibi baƙi ne, kuma baƙin nan sun zo da kamannin iyayensu a fuska.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake sa yaranmu haddar waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, alhali Bahaushe ya riga ya san dabarar tun a gida. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce makaranta da makaranci daga karanta suke, ko ma'aikaci da ma'aikata daga aikata. Kunne ne ya gane aikin ma ɗin da ke gaba. Wanda ya zauna gaban malamin zaure ya taɓa ilimin sarfu ya fi kowa sani: hukuma, hukunci, hakimi da hikima saiwarsu ɗaya a Larabci, baƙaƙe uku ne ke yawo a cikinsu. Yaron da ya iya jin wannan zumunci ba shi da dalilin tsoron inspector, wato sufeton da muka sani. Spect dubawa ce. Inspector mai leƙa ciki, spectator ɗan kallo, spectacles tabarau, respect kuma waiwayen mutum a dube shi da daraja.

Inda na fi ganin amfanin wannan sani shi ne asibiti. Kusan duk sunan ciwon da ya ƙare da itis, kumburi ake nufi. Hepatitis kumburin hanta, arthritis na gaɓoɓi, meningitis na fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, wato sanƙarau da muke fama da shi lokacin zafi. Hyper ya wuce kima, hypo ya gaza. Hypertension hawan jini ne, hypotension faɗuwarsa. Bambancin a rubuce ɗan kaɗan ne, amma ga mai jinyar mahaifiyarsa yana karanta katin likita, sama da ƙasa ne. Ita kanta hospital da muka mayar asibiti, da hotel da muka mayar otal, uwarsu ɗaya, kalmar Latin mai nufin baƙo ko mai masauki.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Ba duk kalmomin da suka yi tarayya a haruffa ne 'yan gida ɗaya ba, kuma nan ne mai saurin yanke hukunci ke faɗawa rami. Port da ke cikin portion da portrait ba ta da alaƙa da ɗaukar kaya. Carpet ba ta haɗa komai da mota ba. Mafi haɗari ita ce in ta farkon kalma. A invisible da incomplete korewa take yi: ba a gani, bai cika ba. Sai yaro ya ɗauka haka take ko'ina, ya ga invaluable ya ce abu marar daraja, alhali abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi ake nufi. Ya ga highly inflammable a jikin tankar mai ya fassara da ba ya kamawa da wuta. A inflammable in ɗin ba korewa take ba, cusa abu cikin wuta take nufi, kuma saboda wannan ruɗani ne masu kula da kariya daga gobara suka fi son a rubuta flammable kawai.

Don haka a ajina matakai biyu muke bi. A fara yanka kalma a yi hasashen ma'anarta, sannan a gwada hasashen da jimlar da ta zo ciki. In sun yi karo, a buɗe ƙamus, kuma ba ma'anar kaɗai za a karanta ba. Manyan ƙamusoshi irin na Oxford suna sa bayanin asalin kalma, wurin da yawancin ɗalibai ke tsallakewa. Ina sa kowa ya ware shafi guda ga kowace saiwa a bayan littafinsa, shafin dict, shafin script, shafin tele, duk kalmar da ya tsinta a jarida ko a rediyo ya kai ta gidansu.