Amsoshin Tambayoyinku: "Campus" Ko "Kampus"?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa a Sabon Garin Zariya, ya rubuto cewa ya ga "Kampus" a jikin motar haya, a takardar ɗansa kuma "Campus". Wanne ne daidai?

To malam, a Turanci da C ake rubuta ta. Asalinta daga Latin ne, ma'anarta fili, wato harabar makaranta. Mai K ɗin ba kasafai ake ganinta a Turanci ba, amma haka 'yan Indunusiya suke rubuta ta a harshensu. Mu kuwa C ɗinmu ta "ciki" da "cuku" ce, shi ya sa mai rubutun mota ya ɗauko K, bakinmu kuma ya ce kamfas.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, babbar harabarta tana Samaru, wata kuma tana Kongo, inda ake karatun shari'a da mulki. In za ka aika wa yaro wasiƙa ko saƙo, rubuta da C, ka kuma faɗi wace haraba, kada ɗan aike ya yi ta bulayi. Allah ya ba yaran sa'a, amin.