Tunawa da Mantuwa: Abin da Littattafai Suke Koya wa Mai Kiwon Ikkilisiya

Gabatarwa

A ce majalisar dattawa ta zauna a kan maganar fili. Shekara 40 da suka wuce mai unguwa ya ba ikkilisiya wurin gina majami'a, ba a kuwa rubuta kome ba. Yanzu jikokinsa suna so su sayar da gefe guda. Wani dattijo ya ce iyakar tana gindin tsamiya, gama yana wurin ran da aka nuna ta. Wani dattijon, wanda shi ma yana wurin, ya ce iyakar ba ta wuce rijiya ba. Dukansu biyu masu tsoron Allah ne, ba kuma wanda yake shakkar abin da ya faɗa. Fasto yana tsakiya, jama'a suna jira su ji wanda zai ce ya yi ƙarya.

Yawancinmu mun taɓa zama a irin wannan kujera. In ba mu san yadda mutum yake tunawa ba, za mu iya kiran ɗan'uwa maƙaryaci alhali bai yi ƙarya ba, ikkilisiya kuwa ta rabu biyu a kan haka. Saboda wannan, a wannan darasi za mu duba waɗansu littattafai da aka rubuta a kan tunawa, mu ga abin da za su ƙara mana a cikin hidima.

Agustin: rumbun da ke cikin mutum

Agustin ɗan Afirka ne. An haife shi a shekara ta 354 a Tagaste, ya zama bishop na Hippo, duka biyu a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Wajen shekara ta 397 zuwa 400 ya rubuta *Confessions*, wato furcinsa a gaban Allah, a kashi 13. Kashi na 10 ya ba da shi ga maganar tunawa.

Ya kwatanta tunawa da babban rumbu inda ake ajiye duk abin da ido ya gani, da abin da kunne ya ji. Ya yi mamaki yadda mutum yake zaune cikin duhu amma yana iya tuna launi, yana kuma iya tuna baƙin cikin dā yana cikin murna. Don ya bayyana wannan sai ya ce tunawa kamar ciki take ga zuciya: abinci yana nan a ajiye, amma ɗanɗanonsa ba ya baki sai an dawo da shi, kamar yadda saniya take tuƙa. Ya kuma ɗauki misalin matar da ta ɓatar da kuɗinta (Luka 15:8), ya ce da ta manta da kuɗin sarai, ko ta tsince shi ba za ta gane nata ba ne. A ƙarshe ya yarda cewa shi kansa bai iya kai ƙarshen abin da ke cikinsa ba. Darasi na fari ke nan a gare mu: tawali'u game da abin da muke tsammani mun riƙe.

Ebbinghaus: saurin mantuwa

A shekara ta 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga ɗan littafi a kan gwajin da ya yi wa kansa. Yakan haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sa'an nan ya auna abin da ya rage bayan wani lokaci. Ya iske mantuwa ta fi sauri a farko. Bayan awa ɗaya, fiye da rabin wahalarsa ta riga ta tafi, daga nan kuma sai raguwar ta riƙa tafiya a hankali. Ya kuma iske cewa maimaici 38 da aka rarraba cikin kwana 3 ya yi aikin da maimaici 68 ya yi a zama ɗaya.

Wa'azi yana da ma'ana, don haka ya fi gaɓoɓin Ebbinghaus zama a zuciya. Duk da haka kada mu yi mamaki in mun tambayi 'yan ajin baftisma ran Laraba abin da muka koyar ran Lahadi, suka yi shiru. Koyarwa kaɗan wadda ake komawa kanta mako mako ta fi doguwar koyarwa ta yini ɗaya. Haka Musa ya umarci iyaye su riƙa maimaita wa 'ya'yansu dokokin Allah a gida da kan hanya, da dare da safe (Maimaitawar Shari'a 6:7).

Bartlett da Loftus: tunawa gini ce

Frederic Bartlett na Jami'ar Kambrij a Ingila ya buga *Remembering* a 1932. Ya ba Turawa wata tatsuniya ta 'yan asalin Amurka ta Arewa su karanta, sa'an nan ya sa su maimaita ta bayan kwanaki da watanni. Kowane maimaici labarin yakan gajarce. Abin da yake baƙo ga al'adarsu yakan faɗi, ko kuwa ya rikiɗe ya zama abin da suka saba da shi. Bartlett ya kammala cewa duk lokacin da muka tuna abu, sāke gina shi muke yi da gutsattsarin da suka rage, muna cike giɓi da abin da muka riga muka sani, ba tare da mun lura ba.

Elizabeth Loftus ta Amurka ta kai maganar gaban shari'a. A 1974, ita da John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota, suka tambaye su gudun motocin. Waɗanda aka tambaya da kalma mai ƙarfi, kamar a ce motocin sun ragargaji juna, suka ce gudun ya wuce mil 40 a awa. Waɗanda aka ce musu motocin sun bugi juna suka ce mil 34. A gwaji na biyu, bayan mako ɗaya aka tambaya ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin 50 da suka ji kalma mai ƙarfi, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 na ɗaya rukunin, 7 ne kawai. Ba kuwa gilashin da ya fashe a fim ɗin. Ta tattara irin wannan bincike a littafinta *Eyewitness Testimony* na 1979.

Mukan ce gani ya kori ji. Loftus ta nuna cewa abin da mutum ya ji daga baya yana iya shiga cikin abin da ya gani, har ya kāsa rarrabe su. Ashe, yadda fasto ya yi tambaya yana iya canja shaidar da zai samu. Nan ma za mu ga hikimar dokar da ta hana a yanke hukunci a bakin mutum ɗaya, sai da shaidu biyu ko uku (Maimaitawar Shari'a 19:15).

To, Linjila fa?

Ɗalibi mai lura zai ce, in haka tunawa take, yaya za mu amince da waɗanda suka ba da labarin Yesu? Richard Bauckham ya ɗauki wannan tambaya a *Jesus and the Eyewitnesses* (2006). Ya nuna daga binciken masana cewa akwai abubuwan da mutum yakan riƙe sosai: abin da ba a saba gani ba, abin da ya canja rayuwarsa, abin da shi kansa yake ciki, da abin da yake yawan ba da labarinsa. A irin waɗannan, ainihin abin da ya faru yakan tsaya ko da ƙananan bayanai sun bambanta. Markus ya ambaci makaho ɗaya a Yariko, Matiyu ya ambaci biyu, amma dukansu sun yarda Yesu ya buɗe idon makaho a can. Bauckham ya ƙara da cewa sunaye kamar Bartimawas, ko Saminu Bakurane da 'ya'yansa biyu (Markus 15:21), an riƙe su ne domin ikkilisiyar farko ta san mutanen, ana kuwa iya tambayarsu. Akwai masanan da ba su yarda da dukan hujjojinsa ba, amma littafin ya isa a karanta shi a natse, tare da Luka 1:1-4 da Yahaya 14:26.

Tunawar jama'a

Maurice Halbwachs, Bafaranshe, ya rubuta a 1925 cewa ba wanda yake tunawa shi kaɗai. Iyali da addini da gari su ne suke ba mu ranaku da wurare da labaran da muke rataye tuninmu a kansu. Yosef Yerushalmi ya bi wannan hanya a *Zakhor* (1982). A lissafinsa, kalmar Ibrananci mai ma'anar tunawa ta fito sau 169 a Littafi Mai Tsarki na Yahudawa. Ya nuna cewa ta wurin idi da addu'a da karatu Isra'ila ta riƙe tarihinta. Idin Ƙetarewa (Fitowa 12) da duwatsu 12 na Gilgal (Joshuwa 4) an kafa su domin yaro ya tambaya, uba ya amsa. Jibin Ubangiji ma haka yake.

Wannan ya ɗora mana kaya mai nauyi. Mutanenmu sun ga Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, Jos a 2001. A kowane rikici kowane gefe yakan fara labari daga ran da aka cuce shi, ya ƙidaya matattunsa, ya tsallake na maƙwabci. Yaran da ba a haife su a lokacin ba suna karɓar labarin daga bakinmu. Abin da muke maimaitawa a bagade shi zai zama tuninsu.

Volf: tunawa bisa ga gaskiya

Miroslav Volf ɗan fasto ne daga Kuroshiya. A 1984, yana aikin soja na dole a Yugoslabiya, aka yi ta yi masa tambayoyi wata da watanni bisa zargin leƙen asiri. A *The End of Memory* (2006) ya bayyana yadda hafsan da ya tsananta masa ya ci gaba da zama a zuciyarsa, da yadda ya lura laifin mutumin yana ƙara girma a tuninsa. Ya ce wanda aka zalunta wajibi ne ya tuna, amma ya tuna daidai, gama ƙara wa maƙiyi laifin da bai yi ba shaidar zur ce. Ya kawo misalin Isra'ila, wadda aka umarta ta tuna bautarta a Masar domin ta ji tausayin baƙo da maraya da gwauruwa (Maimaitawar Shari'a 24:17-22). Ya ce Kirista yana tuna cutar da aka yi masa a gindin gicciye, inda Almasihu ya mutu domin wanda aka cuta da wanda ya yi cutar. Maganarsa ta ƙarshe ita ta fi jawo gardama: bisa ga Ishaya 65:17, a sabuwar duniya, bayan shari'a da sulhu, mugunta ba za ta ƙara faɗo wa kowa a rai ba. Ya ja kunne cewa wannan kyauta ce ta gaba, ba a tilasta wa mai rauni ita yanzu.

Hausawa suna cewa waiwaye adon tafiya, suna kuma cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mai kiwo yana bukatar ya san wanda zai faɗa wa wace.

Abin da za mu yi

Na ɗaya, a rubuta. Kowace kyautar fili, kowane alkawari, kowace shawarar majalisa, a rubuta ta a ranar, a karanta wa kowa, a sa hannu.

Na biyu, in ana sauraron ƙara, a ji shaidu ɗaya ɗaya, a bar kowa ya ba da labarinsa da bakinsa kafin a yi tambaya, kada kuma mu sa masa kalma a baki.

Na uku, ƙarfin murya ba hujja ba ce, bambancin labari kuma ba lalle ƙarya ba ne. Ga dattawanmu biyu, fasto zai iya cewa, “Baba, mun san kuna wurin, ku duka biyu. Shekara 40 ba kwana 40 ba ne. Bari mu nemi sauran waɗanda suka gani, mu duba tsohon shinge, mu daidaita da jikokin, sa'an nan mu rubuta.”

Na huɗu, a ɗauki muryar tsofaffi tun suna da rai. Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ta rubuta labarin rayuwarta. Tsohuwar ta rasu a 1951, littafin *Baba of Karo* ya fito a 1954, har yau ana karanta shi. A kowace ikkilisiya akwai irin wannan Baba a Zumuntar Mata, wayar hannu kuwa ta isa aikin.

Na biyar, kada mu ce wa wadda aka kashe mijinta, “Mama, ki manta.” Mu zauna mu saurare ta, mu taimake ta ta faɗi gaskiya duka, mu yi addu'a tare da ita.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ka taɓa tabbata da wani abu, daga baya takarda ko hoto ya nuna ka yi kuskure? Me ka koya?
2. Wane labari na wahala ikkilisiyarku take yawan maimaitawa? Me ake tsallakewa a cikinsa?
3. Karanta Maimaitawar Shari'a 23:7. Me ya sa aka hana Isra'ila ƙin Bamasare?
4. Su wane ne tsofaffi uku da ya kamata ka ɗauki labarinsu kafin ƙarshen wannan shekara?